Halin Ɗan Kasuwa Shi Ne Bankinsa, Shi Ne Kotunsa

Na taɓa karyewa, kuma ba rashin ciniki ne ya karya ni ba. Ɗan ƙaramin shago ne na kayan waya: caja, abin saƙalawa a kunne, murfi, gilashin fuska. Mutane na shiga suna fita, wata rana ko zama ba na samu. Amma duk ƙarshen wata idan na tashi zuwa sari, sai in tarar kuɗin da ke hannuna bai kai na watan jiya ba. Kanta ta fara ramewa, layi ɗaya ya ɓace, na biyu ya bi shi. Kafin shekara biyu ta cika na miƙa wa mai shago makullinsa. Duk wanda ya tambaye ni a lokacin amsa ɗaya nake ba shi, cewa jari ne ya yi kaɗan. Na yi ta faɗin haka har ni kaina na yarda.

Gaskiyar maganar ita ce aljihun tebur ɗaya gare ni. Nan kuɗin ciniki ke shiga, nan nake zura hannu idan an ce yaro ba lafiya, nan nake ɗiba in ba abokin da ya rantse zai dawo da shi jibi. Ban taɓa ɗaukar mai yawa a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ne, kamar yoyon randa da ba a ganin digarsa sai dai a wayi gari a ga ƙasa ta jiƙe. Tunda ban san ribata ba, ban san ranar da na cinye riba na shiga cin uwa ba. Da an ninka mini jarin nan sau uku, abin da zai canza kawai shi ne in yi shekara biyar ina karyewa maimakon biyu.

Na kawo wannan ne saboda yadda ake maganar halayen ɗan kasuwa a yanzu yana ba ni haushi. Ka shiga taron zaburar da matasa, ko ka buɗe Facebook da YouTube, abin da za ka ji bai wuce ka yi babban buri, ka yi kasada, kada ka ji tsoron faɗuwa. Wannan shawara an ɗinka ta ne daidai jikin mutumin da in ya faɗo akwai katifa a ƙasa: dokar da ke kare wanda ya karye, inshora, aikin albashin da zai koma, bankin da zai sake saurarensa. A mafi yawan ƙasashe masu tasowa wanda ya faɗo kan daɓe yake sauka, kuma ba shi kaɗai yake saukowa ba, har da mutum goma da ke rataye a wuyansa.

Ga abin da nake gani. A ƙasar da hukumomi ke aiki, akwai ɗawainiya da yawa da ɗan kasuwa ba ya yi da kansa. Kotu ce ke matsa wa wanda ya ci kuɗinsa ya biya. Banki ne ke ɓoye masa kuɗi daga hannun mutane, har daga hannunsa shi kansa. Inshora ke ɗauke masa gobara da haɗarin hanya. Inda waɗannan suka yi rauni ɗawainiyar tana nan, kan ɗan kasuwar take komawa. A rashin uwa ake uwar ɗaki, sai halinsa ya zame masa kotu, ya zame masa banki, ya zame masa inshora. Shi ya sa halin da ke kai mutum gaci a irin waɗannan ƙasashe yawanci ba mai ƙyalli ba ne, ba shi da daɗin labari, ba a kuma yin taro a kansa. Kuma maganar ba ta 'yan tsiraru ba ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, kimanin mutum biliyan 2, suna neman na kansu ne a harkokin da ba rajista ba kariyar doka. A Afirka adadin ya kusa kashi 86. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masana tattalin arziki waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun daɗe suna jan hankali cewa yawancin waɗannan mutane rashin aikin albashi ne ya tura su kasuwa, ba sha'awa ba. To a cikin wannan cincirindo, me ke sa ɗaya ya ɗaga, tara su tsaya inda suke?

Na farko a wurina, wanda kuma na fi kowa sanin zafin rashinsa, shi ne riƙe kai a gaban kuɗi. Wasu masana uku, Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar, sun yi wani gwaji a Jamhuriyar Dominika, maƙwabciyar Haiti, wanda aka wallafa a 2014. Sun raba ƙananan 'yan kasuwa rukuni-rukuni. Wasu aka koya musu ilimin akanta irin na aji, da jadawalinsa da ƙa'idojinsa. Wasu kuma aka ba su 'yan dokoki masu sauƙi da ko wanda bai yi makaranta ba zai riƙe: ka ajiye kuɗin kasuwa da na gida a aljihu biyu daban, ka yanka wa kanka albashi, in kuma dole ta sa ka taɓa na kasuwa, ka rubuta wa kanka takardar bashi ka mayar cikin mako guda. Waɗanda aka ba 'yan dokokin nan su ne suka fi gyara yadda suke tafiyar da kuɗinsu, musamman waɗanda suka fi ƙarancin ilimi a cikinsu. Ranar da na fara karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, dariyar takaici. Aljihu biyu. Abin da ya kashe mini shago kafinta zai iya gyara shi cikin awa ɗaya.

Sai dai kafinta katako kawai zai raba. Wahalar tana wajen mutumin da zai ga kuɗi a aljihun dama, buƙata ta taso, ya ce wannan ba nawa ba ne, alhali nasa ne, babu kuma mai ganinsa. Wanda ke aiki a babban kamfani akwai mai binciken kuɗi a kansa. Mai ƙaramin shago shi ne ma'aji, shi ne mai bincike, shi ne kuma ɓarawon da ake tsoro.

Nan ne maganar ke shiga inda ba a son taɓawa, wato 'yan'uwa. Ina tuna wata yamma kawuna ya shigo, muka gaisa, ya zauna kan benci ya yi shiru yana kallon mutane suna miƙo kuɗi. Da suka watse sai ya ce, "Ɗana, na san kai ma kana fama, amma an koro ƙannenka daga makaranta." Na ce, "Haba Kawu, ai ba sai kun faɗa ba." Hannuna ya riga bakina isa aljihun tebur. Ban yi nadamar taimakonsa ba, har gobe. Abin da na yi nadama shi ne ban san me na ba shi ba, riba ce ko kuɗin sarin mako mai zuwa. Shi kuma da ya ga cinikin rabin awa, ya tafi da yaƙinin cewa ɗansa ya zama attajiri, labari kuwa ba ya kwana a ciki.

Wannan matsi ba na wata al'umma ɗaya ba ne, duk inda gwamnati ba ta ɗauke wa mutane asibiti da makaranta da tsufa ba, dangi ne ke ɗauka, kuma wanda aka ga yana juya kuɗi shi ake fara dosa. A Kamaru, Jean-Marie Baland da abokan aikinsa sun binciki ƙungiyoyin ajiya da lamuni, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun tarar kusan kashi 19 cikin 100 na basussukan da aka karɓa, masu karɓar suna da ajiyar da ta kai ko ta fi bashin a wuri ɗaya. Wato mutum yana da kuɗinsa a ajiye, amma ya gwammace ya ci bashi ya biya kuɗin ruwa a kai. Da aka tambaye su dalili, da yawa suka ce don su samu abin nuna wa dangi cewa su ma bashi ke kansu. Ka duba irin wannan tsada: mutum na biyan kuɗi don ya sayi damar cewa babu.

Ba na cikin masu cewa ɗan kasuwa ya yanke zumunci. Wannan wauta ce, ko a ma'aunin riba kawai. Dangin nan su ne inshorarsa, ranar da shagonsa ya ƙone su za su tara masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Halin da nake nufi ya fi rowa wuya, ya kuma fi kyauta wuya: mutum ya yi wa alherinsa iyaka, ya tsaya a kanta ba tare da ya ɓata da kowa ba. Na ga wata mata mai sayar da yadi kusa da shagona da ta iya wannan. Gwangwani uku gare ta a ƙarƙashin tebur, na sari, na gida, da na 'yan'uwa. Duk mako tana zuba wani kaso na riba a na ukun. Wata rana yayanta ya zo, na ji ta da kunnena tana cewa, "Yaya, wallahi ka makara, ga shi ka gani," ta kifa gwangwanin a kan yadi, ko ƙarfe ɗaya bai faɗo ba. "Ka bari wata ya kama, kai zan fara sa wa." Ya yi ɗan gunaguni ya tafi, da wata ya kama kuma ta cika masa. A lokacin ina ganin matar nan ta cika taurin zuciya. Yau shagonta uku, kuma yaran dangin da ta biya wa makaranta sun fi waɗanda ni mai saurin zura hannu na taɓa biya wa, nesa ba kusa ba.

Mata sun fi shan wannan wahala, kuma akwai shaida. A Siri Lanka, Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun raba wa ƙananan masu sana'a kyautar jari ta kimanin dala 100 zuwa 200. A sakamakon da suka fitar a 2008, ribar da jarin ya haifar ta kai wajen kashi 5 cikin 100 a kowane wata, wadda ta zarce kuɗin ruwan banki sosai. Amma a sana'o'in mata kusan ba a ga komai ba. Da an tsaya nan da sai a ce mata ba su iya kasuwa ba. Daga baya wasu masu bincike suka sake duba alƙaluman Siri Lanka da Indiya da Gana, suka gano cewa a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin matar yakan zarce can ne. Inda ita kaɗai ce mai sana'a a gidan, jarinta yana haihuwa. A Gana kuma an ga cewa idan kaya aka saya wa mace maimakon a danƙa mata tsabar kuɗi, abin ya fi zama a cikin sana'ar. Kuɗi a hannu kowa na da haƙƙi a kansa, keken ɗinki kuwa ba ya yankuwa gida biyu.

Sai amana, wadda kowa ke ambata amma ba kasafai ake bin ta har ƙarshe ba. Inda shari'ar bashi za ta ci shekaru a kotu, har kuɗin lauya ya fi abin da ake bi, ba takarda ce ke riƙe ciniki ba, suna ne. Babban dila ba zai ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi don ka sa hannu a wani wuri ba, sai don ya gwada ka da kaɗan sau goma ka cika. Wannan bashin kaya shi ne bankin gaskiya na miliyoyin 'yan kasuwa, ba jingina, ba cike fom. Mutumin da ya kawo kuɗi ranar da ya ce, ko da asara ya yi a wannan zagayen, jari yake tarawa wanda ba a gani a littafi. Wanda kuma ya ci na mutum ɗaya yana ganin ya yi wayo, bai san kasuwa kunne gare ta ba.

Manya ma a kan wannan suka ginu. Lokacin da kamfanin Alibaba na Jack Ma ya buɗe dandalin saye da sayarwa na intanet mai suna Taobao a ƙasar Sin a 2003, matsalarsa ita ce mai saye ba ya yarda ya tura kuɗi kafin ya ga kaya, mai sayarwa ba ya yarda ya tura kaya kafin ya ga kuɗi. Sai suka ƙirƙiro tsarin da kuɗin zai zauna a hannun kamfanin har sai kaya ya isa, abin da ya zama Alipay a 2004. A taƙaice amana suka mayar haja. Mo Ibrahim, ɗan asalin Sudan, ya kafa kamfanin wayar salula a 1998 wanda aka sani da Celtel, ya shiga ƙasashen Afirka da masu zuba jari na Turai ke gudu. Ya san za a nemi ma'aikatansa da cin hanci, don haka aka kafa doka cewa duk kuɗin da ya wuce dala 30,000 ba ya fita sai da amincewar hukumar daraktoci. Manajan da aka matsa wa yana da mafita, sai ya ce ba shi da iko. A 2005 aka sayar da kamfanin ga MTC na Kuwaiti kan dala biliyan 3.4. Ni abin da ya burge ni shi ne dabarar ta yi kama da gwangwanin maƙwabciyata: ka ɗaure hannunka tun kafin mai roƙo ya iso.

Amma amana fuska biyu gare ta, kuma ta biyun ce ke hana sana'a girma. A yarda da kai abu ɗaya ne, kai ka iya yarda da wani abu ne daban. Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun yi nazarin masaƙu a yankin Mumbai na Indiya, aka wallafa a 2013. An kawo wa wasu masaƙun ƙwararru kyauta suka koya musu abubuwan da za ka ce ai kowa ya sani: a rubuta kowane aibu da aka samu a yadi, a jera zare a sito yadda za a san abin da ke akwai, a duba inji kafin ya lalace. Cikin shekarar farko yawan abin da suke samarwa daga ma'aikata da kayan aiki iri ɗaya ya ƙaru da kashi 17. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne dalilin da ya sa masaƙu masu kyau ba sa faɗaɗa su haɗiye marasa kyau. Masu su ba sa sakin ragama ga wanda ba jininsu ba, don tsoron sata da sanin cewa kotu ba za ta yi musu komai ba. Girman kamfani sai ya zama yana bin yawan 'ya'ya maza da 'yan'uwan mai shi. Wanda ya tsallake wannan shinge shi ne wanda ya gane cewa rubutu ke sa a iya yarda da bare. In kana da littafin da ke nuna abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, kana iya barin yaro a shago ka tafi buɗe na biyu. In komai a kanka yake, kai da shagon an ɗaura muku aure har mutuwa.

Kasada kuwa, ba zan daɗe a kanta ba. 'Yan kasuwar da na ga sun daɗe ba masu son haɗari ba ne, mutane ne masu tsoro da suka iya lissafi. Suna gwada sabon kaya da kaɗan. Ba sa zuba komai a kwale-kwale ɗaya. Inda darajar kuɗi ke zubewa suna sa farashi da tunanin nawa za su sake sayo kayan, ba nawa suka saye shi ba, wanda kuwa bai koyi wannan ba zai yi ta murnar riba kanta tana ramewa. Daga waje sai ka ga kamar sun yi tsalle cikin duhu, alhali sun daɗe da auna zurfin ramin.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na tsare gida ne, yana hana mutum karyewa amma shi kaɗai ba ya ɗaga shi. Abin da ke ɗagawa shi ne himmar da ba ta jiran a aike ta. A birnin Lome na Togo an yi gwajin da na fi so a duk wannan fanni. Masana daga Bankin Duniya tare da Michael Frese, Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam, sun ɗauki ƙananan 'yan kasuwa 1,500 suka kasa su uku. Kashi ɗaya ba a koya musu komai ba. Kashi na biyu aka ba su horon kasuwanci da aka saba, lissafi da talla da kula da ma'aikata. Kashi na uku aka horar da su kan hali: ka fara abu ba sai an ce ka fara ba, ka nemi abin da zai bambanta ka da na kusa da kai, ka hango matsala kafin ta iso, in ka ci karo da cikas ka nemi hanya ta biyu. Bayan bibiyar shekara biyu, a sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017, ribar kashi na uku ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu horon da aka saba ta ƙaru da kashi 11, wanda a ma'aunin masu ƙididdiga bai kai a tabbatar ba sa'a ba ce.

Abu biyu na ɗauka daga nan. Ɗaya, wannan hali ana koyonsa, ba gadonsa kawai ake yi ba, don haka masu cewa wane an haife shi da jinin kasuwa su rage murya. Na biyu, cutar da horon ya yi wa magani kowa ya san ta: layi guda, shago ashirin, haja iri ɗaya, farashi ɗaya, kowa ya zauna yana jiran rabonsa. Wani ya buɗe ya samu, sai goma su kwaikwaya har ribar ta mutu a hannun kowa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mai himma shi ne wanda idan mutum uku suka tambayi abin da ba shi da shi, ba ya tsayawa a "babu", yana rubutawa. Ko M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007, tun farko an tsara ta ne don masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. A lokacin gwaji aka lura mutane suna amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, sai masu ita suka bi mutanen maimakon su tilasta musu bin tsarin farko. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma sai mai kunne ke jin canjin.

Akwai kuma naci, wanda a ƙasashe masu tasowa rabinsa a ofisoshi ake kashe shi. Strive Masiyiwa ya nemi izinin kafa kamfanin wayar salula a Zimbabuwe, hukumar gwamnati da ta kankane harkar ta hana. Ya kai ƙara, a 1995 kotun ƙoli ta ce wannan kankanewa ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, amma duk da haka sai 1998 kamfaninsa Econet ya fara aiki, bayan kusan shekara biyar ana shari'a. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin darasin haƙuri, kuma haka ne. Sai dai a lura, nacinsa a kan abin da mutane ke matuƙar buƙata ne, cikas ɗin daga hukuma yake. Wanda kasuwa da kanta ta ce ba ta son kayansa, ya ci gaba da zuba kuɗi shekara bayan shekara don kada a ce ya gaza, wannan taurin kai ne da kunyar idon mutane. Rufe abin da ba ya tafiya tun da sauran jari a hannu, shi ma hali ne, kuma masu shi ba su da yawa.

Yanzu bari in juyo kan kaina, domin akwai haɗari a duk wannan magana. Idan aka cika cewa hali, hali, sai masu mulki su samu wurin fakewa. A bar mutane ba wuta, ba hanya, ba kotun kirki, jami'ai goma na karɓar haraji iri ɗaya, sannan a tara matasa a ɗakin taro a ce musu su canza tunani. Wannan rainin hankali ne. Narayana Murthy da abokansa shida sun kafa Infosys, kamfanin manhajar kwamfuta, a Indiya a 1981 da rupi 10,000 da ya aro daga matarsa Sudha. Sun yi kusan shekara guda suna jiran layin tarho, shigo da kwamfuta kuwa sai da doguwar jeka-ka-dawo wajen neman izini. Shekara goma suna rarrafe. Da Indiya ta sassauta dokokin tattalin arzikinta a 1991, sai kamfanin ya miƙe ya zama abin da duniya ta sani. Halin mutanen nan bai canza a 1991 ba, ƙofa aka buɗe. Abin da halinsu ya yi musu shi ne ya riƙe su da rai har ranar buɗewar. Mutum nawa ne masu irin wannan hali suka mutu a bakin ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba? Ba a rubuta tarihin waɗannan, shi ya sa duk labarin nasara da muke ji yake da ɗan ha'inci a ciki, waɗanda suka tsira kaɗai ke ba da shi.

Haka nan ba na cewa jari ba komai ba ne, gwajin Siri Lanka ma ya nuna ɗan ƙaramin jari na iya haihuwa sosai. Abin da nake musu shi ne a ɗauka kuɗi kaɗai zai mayar da kowa ɗan kasuwa. Muhammad Yunus ya fara a 1976 da ba mutum 42 rancen dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash, abin ya zama Bankin Grameen a 1983, ya kai shi ga lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006, duniya kuma ta ɗauka an samo maganin talauci. Da aka yi gwaje-gwaje shida a ƙasashe shida aka wallafa su tare a 2015, sai aka ga ƙananan basussuka suna da amfani daidai gwargwado, amma ba su fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Waɗanda suka fi cin moriya galibi masu sana'ar da ta riga ta kafu ne. Ruwa ɗaya aka zuba, wata randar ta riƙe, wata ta yoye. Ni na san wace iri ce tawa a wancan lokacin.

Bayan shekaru na sake buɗe wani ɗan wuri, da wata haja daban. Kafin in sayi kaya ko ɗaya sai da na kira kafinta ya raba mini aljihun tebur gida uku. Ya tambaye ni na ukun na mene ne, na ce na kawu ne, ya dube ni bai gane ba. Makon jiya motar da nake haya ta lalace a hanya, albashin da na yanka wa kaina ya riga ya ƙare, dole na taɓa na sari. Takardar tana nan cikin aljihun dama, da rubutun hannuna, ni mai bashi ni mai bin bashi, kuma ranar Alhamis wa'adinta ke cika.